Masu Kanta a Tafin Hannu

Makon farko da muka shiga sakandare a Zuru, aka jera mu a filin asembili aka ce kowa ya miƙo hannuwansa, tafi a sama. Na ɗauka farce za a duba, har na ji daɗi don Inna ta yanke mini nawa da reza tun a gida. Ashe ba farce ba ne.

Malamin lebo ne ya bi layin. Lebo shi ne aikin ƙarfi da ɗalibai ke yi wa makaranta da yamma, shi kuma wannan malamin shi ke rabawa. Ƙaton mutum ne mai tumbi, kullum da tsinken sakace a gefen baki. In ya zo kanka sai ya kama hannunka ya danna babban yatsansa a tsakiyar tafin, kamar mai taɓa mangwaro a kasuwa. Kalma ɗaya yake faɗa. In ya ji laushi ya ce, "Shara." In ya ji kanta ya ce, "Gona."

Ya danna nawa ya yi dariya. "Wannan ko tsintsiya sai an yi mata addu'a. Shara."

Yarinyar da ke kusa da ni baƙa ce siririya, yunifom ɗinta ya yi mata yawa, an naɗe hannun rigar. Da ya danna nata sai ya ɗaga shi sama yana nuna wa sauran malamai.

"Kun ga hannu! Daga ina?"

"Bayan Dabai, Sa."

"Ai na sani. Gona."

Ita ma ta yi murmushi, don ta ɗauka yabo ne. A ranar muka zama ƙawaye, saboda benci ɗaya aka ba mu.

Ni 'yar cikin gari ce. Babana ma'aikaci ne a sakateriya, gidanmu akwai famfo ko da ba kullum yake kawo ruwa ba. A aji rabin hankalina yana waje. Tagarmu tana kallon duwatsu, kuma da damina hadari yakan sauko ya zauna a kansu kamar tsohuwa ta yafa mayafi. Sai in yi ta kallo ina haɗa kalmomi a raina har malami ya jefe ni da alli. Ita kuwa ba ta kallon taga. Da harshensu na C'lela ta tashi, Hausa a kasuwa da coci ta koya, Turanci a firamaren ƙauye mai malami ɗaya, amma lissafi yana zuwar mata kamar numfashi. Kafin in gama kwafe tambaya ta gama amsawa, ta tura mini da gwiwar hannu.

Nas take so ta zama. Ba irin son da yara ke faɗa don a tafa musu ba. Yayarta ta rasu wajen haihuwa a bayan babur, a hanyar kawo ta asibiti, kuma tun daga nan ta ƙudurta. Kowa ya san hanyar guda ɗaya ce: in an gama aji uku a shiga ajin kimiyya. Wanda aka tura ajin adabi, ƙofar makarantar nas ta rufe masa. Ajin kimiyya kuma ɗaya ne tak a makarantarmu, kujerunsa kaɗan.

Aikin 'yan shara ba ya ɗaukar lokaci. Ni barandar ofishin firinsifal aka ba ni, da 'yar farfajiyar da ke gabanta. Kafin la'asar na gama na wanke hannu. 'Yan gona kuwa sai su ɗauki fartanya su bi ta ɓarakar shinge su nufi abin da ake kira gonar makaranta. Suna ne kawai. Ban taɓa ganin ƙwayar masara ɗaya daga gonar nan ta shiga tukunyar makaranta ba. Buhuna dai mun sha ganin ana lodawa a bayan motar firinsifal.

Shekara biyu na farko abin bai dame mu sosai ba. Takan dawo da jar ƙasa a ƙafafu, ta kawo mini ɗanyar gyaɗa a aljihu, mu ci muna dariya. A aji uku ne aka fito da lesin na yamma don shirin shiga ajin kimiyya. Kyauta ne, an ce na kowa da kowa ne, an ma faɗa a asembili da babbar murya. Sai dai lokacin lesin shi ne lokacin lebo. Mu 'yan shara mu gama mu wuce lab, ɗakin gwaje-gwajen da kullum yake kulle. Su 'yan gona suna can suna noman farko.

Ta je ta sami malamin lebo. Ina tsaye a bayanta.

"Sa, don Allah ko rana ɗaya a mako a bar ni in je lesin."

"Wa zai riƙe miki kunyarki? Wannan?" Ya nuna ni da tsinken bakinsa. "Ta kashe mana shuka? Ke fa ke ce ƙarfin gonar nan. Ƙwaƙwalwa gare ki, za ki kamo su."

Sai muka yi dabara. Duk abin da na gani a lab, washegari lokacin hutun tara in zana mata a ƙasa ƙarƙashin dalbejiya. Na zana mata madubin ƙara girma, wanda muke kira maikuroskof, da bututunsa da ƙafarsa. Na gaya mata yadda aka sa fatar albasa a ƙarƙashinsa muka ga ƙananan ɗakuna a jere kamar ginin bulo, kowane da ɗigo a ciki. Na yi ta ƙawata mata abin, don ni kyawunsa ne ya kama ni. Ta haddace komai, har sunayen da ni na manta. Amma zane a ƙasa ba ya da abin murɗawa.

Wata Asabar na bi ta gidansu. Mun hau babur zuwa Dabai, sauran muka taka a ƙafa tsakanin dawa da ta fi mu tsawo. Mahaifinta yana zaune a gindin rumbu yana gyara ƙotar galma. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, haƙoransa na gaba a fiƙe irin na mutanen da. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce a kawo wa baƙuwa kunu. Ita ta yi masa bayanin lesin da harshensu, ni ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Ya saurara har ta gama, sannan ya juyo gare ni da Hausa don kada a bar ni a baya.

"Ɗiyata, kin san golmo?"

Na ce na sha ji. Wanda ya tashi a Zuru ya san golmo: saurayi ya yi shekaru yana noma gonar mahaifin yarinyar da yake so, shi da abokansa, kafin a ba shi ita.

"Ni na yi wa uwar wagga," ya ce, yana nuna ƙawata. "Rana ta dake ni, ruwa ya dake ni. Ban taɓa tambayar tsohon ko zai ba ni ba. Mi zan tambaya? A wurinmu, in mutum ya bar ka ka shiga gonarsa da galma, ya riga ya amsa. Shugaban makarantarku ya bar ɗiyata cikin gonarsa tun tana aji ɗaya. Ya san abin da take so?"

"Ya sani, Baba," ta ce.

"To shi ke nan. Ke dai ki yi aiki da kyau."

Na so in ce wani abu, amma ban san yadda yarinya ke gaya wa dattijo cewa duniyar da ya sani ba ita ce a bayan shingen makaranta ba. Ni kaina ban tabbata ba a lokacin. Maganarsa ta yi mini kyau ƙwarai, har na yi ta juya ta a raina a hanyar komawa gida.

Bai tsaya nan ba. Da lokacin huɗa ya zo, ya tara 'ya'yansa maza da wasu samarin ƙauyensu, suka zo da galmominsu tun da sanyin safiya ranar Asabar. Ba wanda ya kira su. Ni ma na je, don ta ce in zo in gani. Sun jera kafaɗa da kafaɗa suna waƙa da harshensu, ƙasa tana juyawa a bayansu baƙa mai ƙamshi, kunya kowace a miƙe kamar an ja zare. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba.

Firinsifal ya iso da hantsi cikin shadda mai sitaci. A shekarun ne wayar salula ta shigo gari, sabis kuma sai an nema. Ya hau wani dutse a bakin gonar ya ɗaga wayarsa sama yana juyawa, ɗayan hannun riƙe da gasasshiyar masara. Yana ci yana tofar da ƙwayoyin da suka ƙone. Daga kan dutsen ya yi magana, bai sauko ba.

"Baba, sannu da aiki! Kai, Allah ya yi albarka. Irinku ake so, iyaye masu kishin ilimi."

"Don ɗiyata ne, ranka ya daɗe."

"Na sani, na sani. Za mu duba ta. Kada ka ji komai."

Mahaifinta ya sunkuyar da kai ya koma kan kunyarsa. A wurinsa magana ta ƙare. Ni kuwa ina kallon ƙwayar masarar da ta maƙale a gemun firinsifal tana motsi duk lokacin da ya yi magana.

Gwajin shiga ajin kimiyya kashi biyu ne. Na rubutu, wanda kowa ya san ta fi mu duka. Sai na aiki da hannu a lab, wanda malamin kimiyya ya ce shi ne mai nauyi, don a cewarsa kimiyya ba hadda ba ce. Aka riƙa shigar da mu rukuni-rukuni. Rukuninmu ɗaya da ita. Ranar ce ta fara taka ƙafa cikin ɗakin. Na ga tana kallon kwalabe da famfunan da ba ruwa kamar ta shiga coci baƙo.

Maikuroskof ɗin tsoho ne, irin mai ɗan madubi a ƙasa wanda sai ka juya shi ya kamo hasken taga kafin ka ga komai. Wannan ban taɓa gaya mata ba, don ni ma ban lura ba. A lesin kullum malami ne ke saita shi kafin mu leƙa. Ranar kuma hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu. Ɗan wani ɗan kwangila ya leƙa kafin ita. Ni ma na leƙa. Wallahi ban ga komai ba sai baƙi. Amma duk mun san abin da ke ciki, mun gan shi sau da yawa, sai kowa ya ɗago ya ce ɗakuna a jere da ɗigo a tsakiya, malami ya gyaɗa kai.

Ta sunkuya. Ta daɗe. Hannunta a kumbure yake saboda cirar gyaɗar da suka yi a makon, ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Me kika gani?"

"Ban ga komai ba, Sa. Duhu ne."

"Duk 'yan uwanki sun gani, ke ce makauniya?"

"Na san abin da ya kamata in gani, Sa. Amma ban gan shi ba."

Wasu suka yi dariya. Malamin ya ɗaga hannunta daga kan teburin da yatsu biyu, kamar wanda ya ɗauki tsumma.

"A hankali kada ki fasa mana kaya. Nan ba ƙota ba ce."

Bayan hutu muka dawo aji huɗu. Aka kira sunaye a asembili. Ni ina ajin kimiyya, ni da ban taɓa son komai a ciki ba sai kyan fatar albasa. Da ɗan ɗan kwangila, da 'ya'yan hafsoshin bariki, da 'yar malamin lebo. Na duba layinmu daga farko zuwa ƙarshe, ban ga ɗan gona ko ɗaya ba. Ita tana ajin adabi. Sai firinsifal ya ɗaga hannu ya ce akwai sanarwa ta musamman. Saboda ƙwazo da biyayya, makaranta ta naɗa ta firifet ta lebo, wato shugabar ɗalibai a wajen aikin, matsayin da ba a taɓa ba ɗan aji huɗu ba. Aka miƙa mata bulala da jan ƙyalle na ɗaurawa a dantse. Aka ce mu tafa. Muka tafa.

Mahaifinta ya zo bayan kwana kaɗan. Ina sharar baranda, shi ya sa na ji komai. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, da takalmin soja na ƙaninsa wanda ya yi masa yawa. Firinsifal bai shigar da shi ofis ba, a bakin ƙofa ya tare shi da fara'a.

"A'a, Baba! Ka ji labari mai daɗi ko? Ɗiyarka ta zama shugaba."

"Na ji, ranka ya daɗe. Da wannan bulalar za ta zama nas?"

"To, ka san harkar ilimi tana da ƙa'ida. Gwaji aka yi, ba ni na yi ba. Kuma shugabanci ai ya fi. Kowa da baiwar da Allah ya ba shi, ita tata a gona take."

"Ka bar ta ta shiga gonarka."

"Gonar makaranta, Baba."

"Ni ma ka bar ni na shiga. Da ɗiyana maza."

"Kuma mun gode. Allah ya saka."

Tsohon ya ci gaba da kallonsa, ba da fushi ba, kamar dai yana jiran ƙarshen maganar. Da ya ga babu, ya ce, "Da na gama golmo, surukina bai kawo mini akuya ya ce ta fi matar ba."

Firinsifal ya ƙyalƙyale da dariya har yana dafa ƙofa. "Kai, Baba, kana da ban dariya! Makaranta ai ba golmo ba ce." Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ta ya wuce ƙarshen baranda inda sabis ya fi ƙarfi, yana ta "Halo? Halo?" Ya ɗaga wa masinja hannu. Masinja ya shiga ya fito da ƙullin gyaɗa a baƙar leda ya miƙa wa tsohon. Gyaɗar da shi ya huɗa, 'yarsa ta cire.

Bai karɓa ba. Ya juya zai tafi sai ya gan ni da tsintsiya. Na durƙusa. Ya ce, "Ɗiyata, sannu da aiki," ya sauka daga barandar, takalmin yana ƙwal-ƙwal a ƙafarsa har ya fita ƙofar makaranta.

Da yammar ranar na tarar da kwando cike da dafaffiyar gyaɗa a tsakar gidanmu. Matar firinsifal ce ta aiko wa Inna, kamar yadda takan aika gidajen ma'aikata duk kaka. Ƙannena sun kewaye shi suna ɓarewa. Na ba Baba labarin duka. Ya saurara yana tauna.

"Abin ba daɗi," ya ce. "Amma ke dai kin samu, ki gode wa Allah. Ki bar shiga abin da ba naki ba."

Inna ta tura mini kwandon. Ƙamshin gishiri da danshin ƙasa ya bugi hancina, na tashi da gudu na yi bayan gida. Har yau ba na iya cin dafaffiyar gyaɗa.

Ba ta bar makaranta ba. Mahaifinta ya ce tun da an fara a ƙarasa. Ta daina zama da ni ƙarƙashin dalbejiya, ba don gaba ba, lokaci ne babu: ita ke kulle fartanyoyi, ita ke kora yara gona. Da sababbin 'yan aji ɗaya suka zo, aka jera su a fili, tafi a sama. Malamin lebo ya ja kujera ya zauna a inuwa ya ce firifet ta yi aikin. Daga tagar lab nake kallo, don tagar tana kusa.

Ta bi layin tana dannawa. Shara. Gona. Gona. Shara. Muryarta ba ta hawa ba ta sauka. Sai ta zo kan wata 'yar ƙarama mai yunifom da ya yi mata yawa. Ta riƙe hannun ta daɗe. Ta tambaye ta wani abu a hankali da C'lela, yarinyar ta amsa.

"Shara," ta ce.

"Kawo ta nan," in ji malamin lebo daga kujerarsa. Ya kama hannun yarinyar ya danna, ya cire tsinken daga bakinsa ya nuna ƙawata da shi. "Ke da kika fi kowa sanin irin wannan hannun? Kada ki fara mini son kai. Gona."

Yarinyar ta yi murmushi ta koma layin 'yan gona.

Na gama, na tafi jami'a, na karanta kimiyyar da ban taɓa so ba, na fito da takarda. Ita ta gama ajin adabi da sakamako mai kyau wanda makarantar nas ba ta karɓa. Ta yi aure wajen Dirin Daji, suna noma ita da mijinta.

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa muka haɗu a kasuwar Zuru. Tana goye da yaro, ta kawo dawa. Muka rungume juna muka yi ta tambayar mutanen gida. Ta ce mahaifinta yana nan, sai dai ciwon gwiwa. Ta tambaye ni ko yanzu ina ganin ɗakunan albasar da kyau, na ce ina gani. Da za mu rabu ta kama hannuna ta juya shi, ta danna babban yatsanta a tsakiyar tafin. Yatsan kamar ƙaho.

"Shara," ta ce da muryar malamin lebo, ta fashe da dariya har yaron bayanta ya farka.

Na yi ƙoƙari in taya ta, dariyar ta ƙi fitowa.